Nas Ɗin Aro da Ƙafar Edvin

"Kin tambaye shi?"

"Na tambaye shi."

"Ya ce me?"

"Ya ce ba ya so."

"Sai kuma aka yi yaya?"

"Sai na ɗauki jakata na wuce gida na gaba. Me kike so in yi, baiwar Allah? In kayar da shi ƙasa in hau ruwan cikinsa?"

Bangon da ya raba kicin ɗina da ɗakin da ƙaramar hukuma ke sauke nas-nas katako ne, siriri, ko cokali aka ajiye a can sai na ji. Ranar kuwa ba cokali ba ne. Magna ce, yayar tsoho Edvin, ta dogaro sandarta a kan ƙanƙara tun daga bakin ruwa don ta yi wa sabuwar nas wankin babban bargo. Ta haura tamanin, amma muryarta har yanzu irin ta matan da suka girma suna ƙwala wa maza kira daga tudu zuwa cikin jirgi ce.

"Ya ce ba ya so, sai kika tafi." Magna ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana miyar da ta kwana. "Ikon Allah. Wannan a makaranta aka koya miki, ko da shi aka haife ki?"

"A makaranta. Kuma doka ce. Mutum da hankalinsa in ya ce kada a taɓa shi, ba a taɓa shi."

"Wa ya gaya miki Edvin yana da hankali? Ni na raine shi!"

"To ke da kika raine shi, je ki cire masa safar mana. Gidanki da nasa ko tari kika yi yana ji."

Na tsaya da wuƙa a hannu, kifi a gabana. Duk garin nan mun san Magna za ta iya zagin limamin coci a gaban jama'a, amma ba za ta iya kallon ƙafar ƙaninta ba. Ta fi son ta sami wadda za ta ɗora wa laifi da ta ga abin da ke cikin safar nan da idonta. Baƙuwar da ba ta daɗe da zuwa ba, ita ce ta taka mata wurin da ke ciwo, ba tare da ta sani ba.

Ƙofa ta bugu har kofunana suka yi ƙara. Daga nan sai zagi da yaren Denmark, da ƙarar bokiti da aka yi ƙwallo da shi.

Sunanta Bodil Kragh, doguwa, ta doshi hamsin, gashinta kamar ita ke yanke shi da almakashin bandeji. Jirgin fito ne ya sauke ta farkon lokacin kifi, sa'ad da duk garin ke warin kifin da aka shanya. Ta zo da akwati ɗaya da matashin kanta. Akwatin nan har ta bar mu a buɗe yake a ƙasa, ko riga ɗaya ba ta rataye ba. Sana'arta ke nan tun tana da ƙuruciya: kamfani ya kira ya ce ga wani ƙauye ya rasa nas, ta rungumi matashinta ta tafi. Ta yi Greenland, ta yi tsibiran Faro, ta yi wani garin masu haƙar ƙarfe a Sweden. Ta ce mini duk inda ta je ta ga masu taurin kai, amma sai da ta zo garinmu Kobbvik ta ga inda ake kiwonsu.

Tun da Gudrun, nas ɗinmu ta asali, ta ajiye aiki saboda ciwon baya ta koma wajen 'yarta a birni, ba mu sake samun nas tamu ta kanmu ba. Sai na aro. An kawo mana 'yar Sweden mai kuka a cikin mota, an kawo ɗan Finland da har ya tafi ba wanda ya ji muryarsa. Mutane sun daina wahalar riƙe sunayensu. Kowa "'yar aro" ne, har da namijin. Tsofaffinmu suna cewa ba su iya aiki ba ne. Ni dai abin da na gani, ba mai son ya saba da hannun da zai tafi kafin dusar ƙanƙara ta narke.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Ita kaɗai, da wata 'yar mota mai tashi ranar da ta ga dama, da tsofaffi warwatse a bakin teku: wannan allura, wannan wanka, wannan a tsaya a kansa sai ya haɗiye magani. Gidajenmu lambobinsu sun goge tun zamanin kakanni. In ta tambayi hanya sai a ce mata, "Kin san inda rumbun Nils yake kafin ya ƙone? To ba nan ba, gaba kaɗan." In ta yi magana su ce tana yi kamar mai dankali da zafi a baki, su sa ta maimaita alhali sun ji. Takan shiga gida da leda shuɗiya a kan takalmi, ba ta cire rigar sanyi, makullin mota a hannu. A ce mata ga gahawa, ta ce a'a na gode, kafin a buɗe baki a sake tayi har ta kai mota.

Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar ƙafar Edvin ce.

Edvin masunci ne da ya ajiye koma, matarsa ta rasu, ciwon suga ya kama shi. Gyambo ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsa. Likitan da ke leƙo mu jefi-jefi ya gani, ya ce a riƙa wankewa ana sauya bandeji, kuma bai ɓoye masa ba: in ruɓar ta hau, ƙafar za a yanke. Mai ƙafa ɗaya kuwa ba zai iya zama a gidan nan mai matakala kamar tsani ba. Sai gidan tsofaffi da ke bayan dutse, inda duk wanda aka kai daga garinmu a akwati yake dawowa. Edvin ya san haka, Magna ta sani, Bodil ta fi kowa sani. Amma tun zuwanta ko launin safar da ke ƙarƙashin ta sama ba ta gani ba.

Ni kantin garin nake tsaro, ni ke kai wa tsofaffi kayansu gida, don haka ba kicin ɗin da ban san ƙamshinsa ba. Yammacin ranar da Magna ta zo, na ƙwanƙwasa bangon na ce ta shigo mu ci kifi da hanta. Ta ci kamar mai jin haushin abincin. Da farantinta ya kusa ƙarewa na ce, "In ƙara miki?"

"A'a, na ƙoshi."

Na zuba mata.

"Runa, na ce na ƙoshi."

"Na ji." Na ƙara mata dankali.

Ta ajiye cokali. "Wai ku kurame ne a garin nan, ko kuwa ni ce ba na magana?"

Sai a lokacin na gane ba ta sani ba. Ban taɓa tunanin abin faɗa ba ne, kamar a ce sai an gaya wa mutum ruwan teku da gishiri. Na ce mata a nan wanda ya ce e a tayin farko, ko mayunwaci ne ko marar tarbiyya. Gahawa ce, abinci ne, taimako ne, sai ka ƙi, a matsa maka, ka sake ƙi, a sake matsawa, sannan ka karɓa kamar kai ne kake yi wa mai tayin alfarma. Balle namiji irin Edvin a ce ya miƙa wa mace baƙuwa ruɓaɓɓiyar ƙafa don kawai ta tambaya sau ɗaya. Gudrun ko sauraronsa ba ta yi. Yana cewa a'a tana zaginsa tana zare safa.

"Duk safiyar da za ki je yana aske gemu," na ce. "Akwai daro da ruwan ɗumi a bayan murhu. Ɗan bencin da ke gaban kujerarsa, da ba a nan yake ba."

Ta zuba mini ido. Na zaci za ta yi dariya, ko ta ji tausayi. Ina! Fuskarta ta yi ja har wuya.

"Wato ƙaton tsoho mai jikoki yana zaune ƙafarsa na ruɓewa, yana jira a lallashe shi kamar amarya?"

"Kusan haka."

"Kuma duk garin kun sani, ba wanda ya ce mini uffan?"

"Ba wanda ya san ba ki sani ba."

"To ba zan yi ba." Ta ture farantin. "Kin san irin nas-nas ɗin da ba sa jin a'a? Na yi aiki da su. Na ga yadda ake danne tsohuwa a ɗura mata abinci tana hawaye, wai don amfaninta. In na fara tace a'ar mutane, in ce wannan ta gaske ce wannan ta kunya ce, a ina zan tsaya? A wajenmu in mutum ya ce a'a, a'a yake nufi. Shi ke nan."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai maganar ta fito da sauri kuma a goge, kamar makullin da ya saba da ƙofarsa. Mutum ba ya goge hujja haka sai in ya daɗe yana fakewa a bayanta.

Bangon ne ya ƙarasa mini sauran. Duk Lahadi bayan abincin rana takan kira uwarta a Denmark, ta sa wayar a amsa-kuwwa tana gugar kayan aiki. Muryar tsohuwar siririya ce, tana rawa.

"Yaya ƙugun, Mama?"

"Da sauƙi. Kada ki damu."

"Ba sai na zo ba dai ko?"

"A'a, me za ki zo yi? Ga ƙaninki Troels nan. Yi aikinki."

"To shi ke nan."

Da ta kashe wayar sai in ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Duk mako, sai a wannan lokacin kaɗai nake jin Bodil na waƙa.

Wata Lahadi ƙaninta Troels ne ya karɓe wayar. Ya ce tsohuwar ta sake faɗuwa a banɗaki, shi ga yara ga aiki, ya gaji. Bodil ta ce, "Na tambaye ta, Troels. Ta ce kada in zo."

"Kin tambaye ta yadda ake tambayar mutum ƙarfe nawa. Kina wanke tsofaffin duniya kaf, taki uwar ko farce ba ki taɓa yanke mata ba."

"Ta ce a'a!"

"E, ta ce. Allah ya ba ki lada."

Ranar ba a yi waƙa ba.

Na lura tambayar Bodil da amsarta take zuwa a goye. Haka take yi wa uwarta, haka na ji tana yi wa Edvin ranar da muka yi kaciɓus a kicin ɗinsa: tana tsaye, riga a zuge har wuya, makulli na kaɗawa, "Yau ma ba za ka bari in duba ba ko?" Wane ne zai ce e ga wannan? Ba ƙin aikinta take ba, na ga yadda take juya tsohuwa a gado kamar mai ɗaukar ƙwai. Abin da ba ta so shi ne zama. Tana son wanda zai buƙace ta na ɗan lokaci, ya sallame ta da bakinsa, ta fita hannunta a wanke. Kuma ta zagaye rabin arewacin duniya tana neman irin wannan sallamar.

Kwanaki suka ci gaba da tafiya a haka, ita tana tambaya sau ɗaya, shi yana ƙi sau ɗaya, kowa na ganin ɗayan ne marar mutunci. Magna ta koma zagin ta a kanti, a coci, har a layin jiran jirgi.

Wata Juma'a da safe rediyo ya ce guguwa na tafe, za a rufe hanyar dutse kafin yamma, kuma ba a san ranar buɗewa ba. Bodil ta shigo kanti tana huci, motar ta ƙi tashi. Ta ɗauki baƙar alewar nan mai gishiri da take tauna in ranta ya ɓaci. Ina haɗa kayan Edvin a kwali, ta hango abin da ke sama.

"Wannan fa? Edvin ya yi sabuwar mata ne?"

Audugar mata ce, ƙunshi guda.

"Nasa ne," na ce. "Kwanan nan kullum sai ya saya. Wai injin jirginsa ke ɗigar da mai."

"Yana da jirgi?"

"Ya sayar tun kafin matarsa ta rasu."

Ta juya ƙunshin. Mai kauri ce, ta dare. Ta daina tauna.

"Da yana sayen wannan, ko ƙarama?"

"Da ƙarama. Satin nan ya sauya."

Ta faɗi wata kalma da yarensu wadda ba sai an fassara ba. "Ɗauko makullin motarki."

Muka kama hanya har muka wuce katakon shanyar kifi. Sannan ta ce, tana kallon gaba, "Gahawar ma sai na ƙi tukuna?"

"Ki ƙi, amma kada ki tashi."

"Mahaukatan gari."

A bakin ƙofar Edvin ta ciro ledar nan shuɗiya, ta kalle ta, ta mayar aljihu, ta tsuguna ta kwance takalmanta. Safarta ɗaya ta huje a dunduniya. Muna shiga warin ya tare mu, wani zaƙi-zaƙi marar daɗi a ƙarƙashin ƙamshin sabulun aski. Edvin yana kujerarsa ta bakin taga, gemu a aske tas, ƙafar hagu cikin safar ulu da ta kumbura kamar burodi. Ga ɗan benci a gabansa. Bodil ta cire riga ta rataye, ta ja kujera ta zauna daram.

Edvin ya kalle ni. "Runa, 'yar aron ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyata lau," in ji Bodil.

"To. Ko za a sha gahawa? Ba ta kirki ba ce."

"A'a, na gode." Ta faɗe shi kamar mai karanta takardar kotu.

"Haba, ɗan kaɗan dai."

"Kada ka wahalar da kanka."

"Ai tana kan wuta. Zubarwa zan yi."

"To, in dai zubarwa za ka yi."

Tsohon nan sai da kunnuwansa suka motsa don daɗi. Ya sa ni na sauko da kofunan matarsa masu bakin zinariya. Bodil ta kurɓa, ta runtse ido, don gahawar Edvin za ta iya cire tsatsa. Ta ajiye kofin.

"Bari in ga ƙafar nan, Edvin."

"Ba komai ba ne. Ɗan ƙurji ne."

"Duk da haka."

"Kina da marasa lafiya na gaske suna jiranki."

"Su jira. Ɗora ta a bencin nan."

"Gobe dai."

Ta waigo ta harare ni, wato ga shi na yi, ina sakamakon? Ya kamata a ce ya sakko. Ta sake roƙo, ya ce bandejin hukuma tsada gare shi, a bar wa mabuƙata. Ta sake, ya ce Gudrun ta san ƙafarsa, zai jira ta zo hutu. Ya damƙe gwiwarsa da hannu, ya ƙi kallon ƙafar. A nan na gane kunyar ta ƙare tun tuni. Abin da ya rage tsoro ne, ya sa rigar kunya.

Bodil ma ta gani. Ta miƙe, na ce shi ke nan, ta tafi. Har ta kai hannu ga rigarta. Ta tsaya a haka, bayanta gare mu, iska na kaɗa tagar. Sai ta saki rigar, ta dawo ta zauna, ta tura masa kofin.

"Ƙara mini wannan gubar."

Ya ƙara.

"Ka saurare ni, tsoho. Tun daga ƙofa na ji warinta. Kai ma kana ji, shi ya sa kake wanka da sabulun aski. Kana tsoron in na gani zan ce a kai ka bayan dutse. Wataƙila in ce. Amma in ban gani yau ba, hanya za ta rufe, kuma ranar da ta buɗe ba yatsa za a yi magana ba, gwiwa ce. Ba zan taɓa ka ba sai ka ce. Amma ba inda za ni. Ga ni nan. Ina da tsohuwa mai jiran allura, ina da mai jiran wanka, duk su zauna, kuma zan gaya musu kai ne."

"Ke ba ki da kunya ko?"

"Ko ɗis. A Denmark aka haife ni."

Suka zauna. Agogon bango na tafiya, dusar ƙanƙara ta fara bugun gilashi a kaikaice. Wayarta ta yi ta kuka a aljihun riga, ba ta tashi ba. Ƙafarta na rawa a ƙarƙashin tebur, ta danne ta da hannu. Ban taɓa ganin mutumin da zama ke yi wa ciwo haka ba. Edvin ya ba ta labarin kifin da ya kama shekarar da aka yi babbar ambaliya. Ta saurara har ƙarshe, haƙora a cije.

Can ya yi gyaran murya. "In ba ki duba ba, za su yi miki faɗa a wajen aikin naku ko?"

Ba wanda zai yi mata faɗa. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, na taka mata ƙafa. Ta kalli silin, ta ja dogon numfashi.

"Za su yi," ta ce. "Sosai. Ka taimake ni, Edvin. Yi mini alfarma."

"To," in ji shi, yana ɗaga ƙafar da hannu biyu zuwa kan benci. "Don dai ke. Kada a ce na sa an kori yarinya."

Abin da ke ƙarƙashin audugar ba zan bayyana shi ba. Yatsan ya yi baƙi, jan layi ya fara bin bayan ƙafar. Bodil kuwa nan take ta shiga aiki. Ta wanke, ta naɗe, ta kira likita ta faɗa masa abin da ta gani a taƙaice, sannan ta ce, "Asibiti. Yanzu. Kafin a sauke shingen hanya."

"A'a, ba sai an je ba," in ji Edvin.

Bodil ta dafe kai da hannu biyu. "Daga farko kuma? Runa, riƙe ni kada in kashe shi."

Ba a kai ga haka ba, don ƙofa ta buɗe Magna ta shigo da dusar ƙanƙara a gira. Ta ga motata a waje ta daɗe, ta gane. Jaka ce a hannunta, da rigarsa ta zuwa coci a goge. Allah kaɗai ya san tun yaushe ta haɗa jakar nan ta ajiye. Ba ta kalli ƙafar ba, bango take kallo.

"Tashi, jaki," ta ce wa ƙaninta. "Tashi kafin in ɗauke ka kamar buhu."

Muka bi bayan motar share hanya a ayarin ƙarshe da aka bari ya haye dutsen. Edvin na baya, ƙafa a kan cinyar Bodil, yana gaya mini ban iya tuƙi ba.

Yatsan ya tafi, da ɗan abin da ke kusa da shi. Ƙafar ta tsira. Kafin tsuntsayen teku su gama ƙwai ya dawo gidansa, yana hawa matakalarsa da sanda yana zaginta. Ya kuma gaya wa duk wanda ya tsaya cewa 'yar Denmark ta kusa barinsa ya ruɓe, da Gudrun ce da tuni ta gani. Magna ta ce ita ce ta cece shi. Bodil ta ji duka biyun a kantina, ta sayi alewarta mai gishiri ta fita, ƙofar ce ta sha wahala.

Amma sun fara kiranta Bodil. Kuma da wa'adinta ya zo ƙarewa, shugabar ma'aikatan lafiya ta tambaye ta ko za ta ƙara zama. Ta ce a'a. Shugabar ta yi murmushi ta ce to, za su sake magana. Washegari Magna ta aiko da waina mai siffar zuciya da cuku. Bayan kwana biyu Edvin ya aiko da busasshen kifi, da saƙon cewa ba don yana so ta zauna ba ne, kifin ne ya yi masa yawa. Duk gidan da ta shiga sai a ce, "An ce za ki zauna." Ta ce ba za ta zauna ba. A gyaɗa kai cikin jin daɗi, a ce yarinyar ta fara hankali.

"Na ce a'a!" Na ji ta ta bango tana yi wa shugabar ihu a waya. "A'a ta Denmark! Ta gaske! Me zan yi ku yarda, in rubuta a goshina?"

Har ranar tafiyarta rabin garin ba su yarda ba. Na fito na same ta a bakin ƙofa, akwati a rufe karo na farko, matashi a hammata, busasshen kifin Edvin ya leƙo ta jakar hannu yana wari. Jirgin fito ya riga ya yi kuka a bakin ruwa. Na san kamfaninta ya yi mata tayin wani tsibiri da ya fi namu nisa, don ta bango na ji.

"Tsibirin za ki?" na ce.

Ta gyara riƙon matashin. Ta kalli takalmanta, ta kalli teku, ta ja tsaki.

"Mama ta ce kada in zo," ta ce. "Jiya ma ta sake faɗa. Kada ki kalle ni haka, Runa, na sani. Yanzu sai na je na cire takalmi na zauna mata a kicin har ta gaji. Kun lalata ni, ku da ruɓaɓɓiyar gahawarku."